Maɓallin "Kamar Jiya"

Akwai mutanen da ba sa iya ganin abu yana ba wani wahala su wuce, kuma Auta tana cikinsu. In ta zo gidanka ta ji ƙofa tana cijewa, ba za ta zauna ba sai ta nemo mai ta shafa mata. In ta ga tsoho yana fama da waya a bakin titi sai ta tsaya, ko da kuwa ta makara. Hali ne mai kyau, babu mai musu. Amma wannan halin ne ya jefa aikin yayanta cikin garari, kuma har yau in ta tuna takan ja tsaki ita kaɗai a kan hanya, mutane su waiwayo.

Tun tana 'yar mitsitsiya haka take. Idon Mama ya yi rauni da wuri, ga magunguna iri-iri, kullum sai ta rikita na safe da na yamma. Auta ta samo zare, ta ɗaura ja a wuyan kwalbar safe, baƙi a ta yamma, rikici ya ƙare. Ta ɗiga jan farce a jikin rediyo daidai inda tashar labarai take. Yayanta kuwa, wanda ya ba ta shekaru da yawa har baƙi kan ɗauka shi ne ubanta, ya mayar da ita makanikensa. Shi yake goya ta a keke ya sauke ta a makaranta kafin ya wuce masana'antar rini inda yake aiki, ita kuma duk abin da ya gagare shi sai ya miƙo mata: agogo, takardar asibiti, daga baya waya. Maganarsa ɗaya ce, "Auta, sauƙaƙa mini wannan." Ta girma, ta yi karatu, ta kama aiki, bai sauya ko kalma ɗaya a ciki ba.

Kamfanin da ya ɗauke ta ƙarami ne, ɗaki biyu a saman bene, ƙasansu shagon masu faci, don haka duk taron da za su yi sai injin iska ya sa baki. Manhaja suke yi wa masana'antu. Doka ta ce kowace masana'anta sai ta ba da rahoto: ruwa nawa ta sha, gurɓataccen ruwa nawa ta saki, man dizal nawa ta ƙona, shara nawa ta fitar. Hukumar kula da muhalli tana son rahoton, masu sayen kaya daga waje ma suna so, in babu shi ko ƙyalle ba za su saya ba. Da can a takarda ake yi, ƙarshen shekara a zaunar da wani bawan Allah ya yi ta cike gurabe da abin da ransa ya raya masa. Manhajar su Auta ta zo ne don ma'aikaci ya riƙa shigar da lamba a wayarsa kullum, rahoto ya haɗa kansa.

Ba ita ke rubuta manhajar ba. Wannan aikin Dogo ne, wani siririn mutum da kunnensa ke toshe da kiɗa daga safe har tashi. Nata aikin shi ne ta tsara abin da mutum zai gani: ina maɓalli zai zauna, yaya girmansa, me za a rubuta a kai. Mama ba ta taɓa gane wannan sana'a ba.

"Wato dai," in ji Mama, "ana biyanki ne don ki ce a matsar da abu gefe."

Auta ba ta musa ba, don kusan hakan ne.

Kafin zuwanta, Oga, mai kamfanin, shi ya tsara manhajar da kansa, kuma ya tsara ta ne yadda yake magana: doguwa, cike da manyan kalmomi, ba a san inda za ta tsaya ba. Tambayoyin shafi ɗaya sun fi na jarrabawa. Ma'aikata suka leƙa, suka mayar da wayoyinsu aljihu. Manajoji suka fara kira suna cewa a zo a kwashe wannan abu. Shi ya sa aka tura Auta ta gano inda matsalar take, ita kuma ta zaɓi masana'antar da Yaya yake, don ta san shi ba zai ɓoye mata komai ba.

A lokacin Yaya ne mai kula da tankin tace ruwa, can bayan masana'anta, inda duk ruwan rini yake taruwa a tace shi kafin a sake shi ya bi magudana. Wuri ne mai wari da santsi, ƙasa kullum a jiƙe, yau shuɗiya gobe ja. Tankin dogo ne, da tsanin ƙarfe a jikinsa, mitar da ke ƙirga ruwan kuma tana can sama. Ba a bar Auta ta hau ba saboda ba ta da takalmin aiki, ita ma ba ta damu ba. Yatsa da waya ta zo kallo, ba hawa ba.

Ta iske Yaya ya riga ya sauko, yana haki, lambar da ya karanto tana rubuce da biro a bayan hannunsa. Ta tsaya tana kallonsa. Ya cire safar hannu, ya goge yatsa a wando, ya lalubo tabarau. Tururi ya rufe tabarau, ya goge. Ya buɗe manhaja, ta nemi kalmar sirri, ya manta. Da ya tuna, sai ga haruffa kamar ƙwayar gero, ya danna bakwai ta ba shi takwas.

"Wannan abin naku," ya ce, "wanda ya yi shi bai taɓa jiƙa hannunsa ba."

"Ba ni na yi ba, Yaya."

"To ki gaya wa wanda ya yi."

Ta koma ofis ranta a ɓace, ta kama aiki kamar mai share gidan da aka daɗe ba a shiga ba. Ta zubar da tambayoyin da babu mai buƙatarsu. Ta ƙara wa lambobi girma yadda babban yatsa mai kauri zai same su. Inda aka rubuta dogon bayani ta sa hoto: ɗigon ruwa, jarka, kwandon shara. Ta sa wayar ta riƙa yin 'yar ƙara mai laushi kowace safiya ta rubuto, "Ina kwana. Lokacin duba mita ya yi." Lauyan kamfani ya dage sai an sa wata jimla, wai "Na tabbatar na duba mita da idona." Auta ta yi gardama, ya ƙi, sai ta sa jimlar da ƙananan haruffa, launin toka, can ƙasa inda ba za ta cika wa mutum ido ba. Tana da maganar da take yawan faɗa a taro, har abokan aiki suka haddace: duk danni ɗaya da ka ƙara wa ma'aikaci, zalunci ka ƙara masa.

Ta kai wa Yaya sabon tsarin. Ya juya, ya gwada, ya gyaɗa kai.

"Ya yi dama-dama. Amma wannan doguwar lambar fa, kullum sai na buga ta daga farko? Ai yawanci ba ta da nisa da ta jiya."

A cikin mota tana komawa dabarar ta zo mata, har ta kusa wuce inda za ta sauka don murna. Maɓalli guda, babba, kore, a rubuta masa "Kamar jiya." In ka danna, lambar jiya ta fito, sai ka gyara ƙarshenta kawai ka tura. Niyyarta ke nan, Allah ya sani. Dogo ya haɗa shi a wuni ɗaya, ko kiɗan kunnensa bai cire ba.

Abin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Masana'antun da suka ce a kwashe manhajar suka dawo suna yabo. Oga ya rataye babban allo a ofis mai nuna wanda ya tura lambarsa da wanda bai tura ba, kullum allon nan kore shar. Duk baƙon da ya hau benen sai Oga ya ja shi gaban allon, ya ciro waya ya ce, "Duba nan. Danni ɗaya. Ko kakarka za ta iya." A taron ƙarshen wata ya sa aka yi wa Auta tafi. Manajan masana'antar rini ya kira da kansa ya ce sashen tanki, wanda da shi ne na baya, yanzu ba ya fashi. Auta ta kira Yaya ta gaya masa, ya yi dariya ya ce ai dama ya san ba a banza ya yi ta tuƙa keke ba.

An daɗe ana wannan daɗi. Wata rana da hantsi tana gyara shafin da ke zana lambobi ya mayar da su layi mai hawa da sauka, sai ta buɗe na tankin Yaya don gwaji. Layin ya fito miƙe sambal kamar igiyar shanya. Ta ɗauka kuskuren Dogo ne, ta rufe ta sake buɗewa. Yana nan yadda yake. Ta ja baya wata guda, ta ƙara ja, ta ƙara, lamba ɗaya ce tak, ko ɗigo ba ta motsa ba. Ranar da aiki ya yi yawa har aka kwana ana rini, lambar nan ce. Ranar da wuta ta lalace aka sallami ma'aikata da rana tsaka, ita ce dai. Ta buɗe na wasu masana'antun, kusan duk haka. Mutane ba gyara ƙarshen lamba suke yi ba, danna kore suke yi su tura su kama gabansu.

Nan take abu biyu suka faɗo mata a rai. Na farko, masu bincike za su zo masana'antar rini kafin ƙarshen shekara su gwada rahoto da abin da ke ƙasa. Na biyu, duk lambar da aka tura tana ɗauke da sunan wanda ya tura ta, kuma a sashen tanki sunan Yaya ne daga sama har ƙasa. In aka ce an ba hukuma lambar ƙarya, ba allon Oga za a kora ba.

Ta shiga ofishin Oga ko sallama ba ta gama ba.

"Yallaɓai, maɓallin nan sai mun cire shi."

"Wane maɓalli?"

"Kamar jiya."

Ya dube ta kamar ta ce a cire ƙofar gidansa. Ta juya masa kwamfuta ta nuna masa layin. Ya kalla, ya sosa gemu, ya ce lallai abin dubawa ne, a sa shi cikin abubuwan da za a tattauna. Aka yi taro. Injin iskan masu faci ya yi ta ruri a ƙasa, aka ɓata rabin lokaci a kan ko koren ya cika duhu, aka tashi a kan za a sake zama. Da aka sake zama, Oga ya ce cire maɓallin ba zai yiwu ba, shi ne abin da ake sayen manhajar dominsa.

"To a bar shi," in ji Auta, "amma in mutum ya danna shi kwana da kwanaki a jere, wayar ta nemi ya ɗauki hoton mita."

"Ƙarin danni ke nan," in ji Oga, yana murmushi. "Malama Auta, ke fa kika koya mana. Duk danni ɗaya da ka ƙara wa ma'aikaci..."

Sauran suka ƙarasa masa a tare, suna dariya. Auta ta ji kamar ta ɗauki kwamfutar ta wurga ta taga ta faɗa kan tayoyin masu faci. Babu abin da ya fi ciwo kamar a doke ka da maganar bakinka.

Ta koma wajen Dogo ta roƙe shi ya yi gyaran a ɓoye. Ya zare kiɗa daga kunne ɗaya, ya ce shi ba ya taɓa komai sai da sa hannun Oga, ga kuma ayyuka a gabansa sun yi layi, ya mayar da kiɗansa. Ta rubuta wa Oga dogon bayani, ya amsa da hoton babban yatsa. Ta sake rubutawa, bai ma buɗe ba.

Da ta ga ofis ya gagara, sai ta nufi gidan Yaya ranar hutu. Ta same shi a tsakar gida, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan kujera 'yar tsugune, matarsa, wadda Auta ke kira Anti, tana shafa masa man zafi a gwiwa. Auta ta gaishe su a gurguje, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, hankalinta duk yana kan abin da ya kawo ta.

"Yaya, don girman Allah ka daina danna koren nan. Ka riƙa duba mita kana buga abin da ka gani."

"Ba ke kika sa shi ba?"

"Ni na sa, amma ba don haka na sa ba. Masu bincike za su zo. Sunanka ne a kai."

"Kowa haka yake yi, Auta. Manaja ma cewa ya yi mun fi kowa ƙoƙari."

"Yaya, ka ji abin da na ce?"

"To," ya ce.

Ta san wannan "to" ɗin tun tana yarinya. Shi ne wanda yake ce wa Mama in ta ce ya rage gudu da keke. Anti ta ɗago kamar za ta yi magana, Yaya ya harare ta, ta mayar da kai kan gwiwar. Auta ta tafi tana ƙunƙuni a kan taurin kan manya. Washegari ta duba, lambar ta motsa. Jibi ma ta motsa. Daga nan layin ya koma ya kwanta yadda ya saba. Ta kira shi ya fi a ƙirga, wani lokaci ya ce to, wani lokaci ya ce injin yana ƙara ba ya jin ta.

Mai binciken da ta zo mace ce, mai shiru-shiru, da takalmin aiki a jakarta. Auta ba ta nan, daga baya ta ji yadda aka yi. Manaja ya tarbe ta da lemo, ya nuna mata rahoto mai kyan gani. Ta buɗe shafin tanki, ta kalli layin. Ta sa takalminta ta ce a kai ta wajen mitar. Ta hau tsanin da kanta, ta daɗe a sama, ta sauko a hankali tana riƙe ƙarfe da hannu bibbiyu. Abin da mitar ta tara da abin da rahoto ya tara ko hanya ba su haɗa ba. Manaja, wanda ya yi wata da watanni yana yabon sashen tanki, ya dafe ƙirji ya ce wallahi bai taɓa zaton za a ci amanarsa haka ba. Kafin la'asar an ce Yaya ya zauna a gida sai an neme shi.

Auta ta sake faɗawa ofishin Oga.

"Yallaɓai, takarda ɗaya nake roƙo. Mu rubuta musu cewa tsarinmu ne ya jawo, kuma ba shi kaɗai ba ne, duk masana'antun haka ake yi. Ga shi nan a kwamfuta, kowa zai gani."

"Kin san abin da kike cewa?" Ya tashi ya rufe ƙofa. "In muka rubuta haka, rahoton kowa ya zama shara. Duk wanda ya sayi manhajarmu zai kwana a ƙofar nan. Ki yi haƙuri, na san ɗan'uwanki ne. Amma maɓalli bai danna kansa ba."

"Na gaya maka tun yaushe!"

"Kin gaya mini, kuma kin yi gaskiya. Yau ɗin nan za a cire shi."

Haka kuwa aka yi. Abin da ta yi ta bara a kai har muryarta ta dushe, Dogo ya gama shi kafin shayinsa ya huce. Ya cire koren, ya sa neman hoton mita, daidai yadda ta tsara tun farko. A sanarwar da aka tura wa masana'antu Oga ya rubuta da hannunsa, "An yi 'yan gyare-gyare don ƙara inganci." Ya ma leƙo ya ce mata sannu da ƙoƙari.

Ba ta haƙura ba, ta tafi wajen Manaja da ƙafarta. Ya karɓe ta da fara'a, ya ba ta kujera, ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ciro wayarsa, wadda ba a sabunta ba tukuna, ya buɗe shafin, ya ware yatsu biyu ya ƙara wa ƙasan girma, ya miƙo mata.

"Karanta mini nan, Malama."

Jimlar lauya ce, da ƙananan haruffanta masu launin toka. Na tabbatar na duba mita da idona.

"Yallaɓai, wa yake ganin wannan? Ko ni sai na matso."

"To ai ba ni na rubuta shi ƙarami ba," in ji Manaja.

Ta fito ba ta san ta inda ta bi ta kai bakin titi ba. An yi wa Yaya abin da suka kira alfarma: maimakon kora, aka ce ya rubuta da kansa cewa ya ajiye aiki don ya huta. Suka haɗa shi da agogon bango mai tambarin masana'anta, mutumin da yanzu ba shi da inda zai makara.

Ta yi kwanaki tana jin nauyin zuwa gidan. Ranar da ta je, da yamma ne, Anti tana kwashe shanya. Yaya yana zaune inda ta bar shi wancan karon, ƙafar tana kan kujerar, agogon bangon yana jingine a gefe ko daga kwalinsa ba a fitar ba. Rinin da ya zauna a gefen farcensa shekara da shekaru ya fara dushewa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'arsa, har da tsokanar ko sai an aika mata da mota take zuwa yanzu. Wannan fara'ar ta fi zagi yi mata ciwo.

"Yaya, na sa an cire shi," ta ce. "Maɓallin. Yanzu sai mutum ya ɗauki hoton mita kafin ya tura."

Ta zaci zai ce madalla. Sai ya ɗago ya dube ta.

"Kullum?"

"Kullum."

"Wanda aka sa a wurina fa ya girme ni, kuma jiri yake fama da shi."

"To ai sai ya duba mitar, Yaya. Aikin ke nan."

Anti ta ajiye kayan shanya a kan tabarma. Wannan karon ba ta kalli mijinta ba.

"Auta, kin taɓa hawa tsanin nan? Gwiwar nan da kike gani, a kansa ya zame, tun kafin ki kawo koren naki. Ya roƙa a sauko da mitar ƙasa har ya gaji, kullum sai a ce ana dubawa. Ranar da kika zo kika yi masa faɗa, washegari ya hau, jibi ya hau, rana ta uku ɗauko mini shi aka yi a babur."

"Ya isa," in ji Yaya.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?" Auta ta ce.

"In gaya miki ki yi yaya? Ke waya kike gyarawa, ba tanki ba." Ya gyara zaman ƙafarsa da hannu biyu. "Kada ki sa wa ranki damuwa. Ni na danna, na san abin da nake yi. Amma bari in gaya miki gaskiya, Auta. Tun da na shiga masana'antar nan da ƙuruciyata har na fito da furfura, koren nan naki shi kaɗai ne ya taɓa tausaya mini."

Ta sunkuyar da kai. Ta tuna ranar farko, yana haki, lamba a bayan hannunsa, ita kuma ta ƙura wa yatsansa ido. Tsanin yana tsaye a bayansa ƙato guda, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta rasa wanda za ta fara jin haushi, Oga, ko Manaja, ko Yaya da shirunsa, ko ita kanta. Gobe da safe wani dattijo mai jiri zai kama ƙarfen nan mai santsi da hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, saboda gyaran da ta yi ta faɗa a kai.

Yaya ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya miƙo mata kamar yadda ya saba tun zamanin keke.

"Auta, sauƙaƙa mini wannan. Har yanzu kullum da safe sai ya ce mini ina kwana, lokacin duba mita ya yi. Na rasa inda ake kashe shi."

Ta karɓa. Ba shi ne ya kasa ganowa ba, babu wurin kashewar ne. Ita ta cire shi tun farko, don kada ma'aikaci ya kashe bisa kuskure ya manta da aikinsa. Ta ɗora yatsa a kan manhajar ta riƙe, wayar ta tambaye ta ko ta tabbata tana son gogewa. Ta danna, ta miƙa masa.

"Har kin gama?"

"Na gama, Yaya."

Ya juya wayar, ya duba, ya mayar da ita aljihu.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Dama ke ba kya ɓata lokaci."